Awon Kunnen Malam

"Mama, awon kunnen nan zubarwa za mu yi," in ji ma'aikaciyar asibitin, "tunda mai shi ya rasu."

Tsohuwar ta riƙe mata hannu. Ta tuna ranar da za a yi wa mijinta na'urar ji. Aka cusa masa auduga mai zare a kunne, aka ɗura ƙullu mai sanyi, aka ce ban da magana har ya daskare ya ɗauki siffar kunnen. Shekara arba'in, ranar kaɗai ta ga bakinsa a rufe. Har ta ce, "Likita, a ƙara masa minti goma!"

Na'urar ba ta same shi da rai ba.

"Ba ni, 'yata."

A gida ta kara ɗan dunƙulen a bakinta.

"Malam, yanzu kana jina?"