Kejin Ɗan Kwango

Manaja Muhammadu Lawal bai ko duba takardar makarantar da Sama'ilu ya miƙa masa ba. Cewa ya yi ya tashi ya jingina da bango. Ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, sannan ya ce gobe ya zo ya kama aiki.

Sama'ilu ya fito yana murna kamar an biya masa Makka. Tun yana yaro ba shi da burin da ya wuce aiki a Lambun Nishaɗi.

Wani ɗan kwangila ne ya gina lambun a gindin dutse, bayan garin Kazaure, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa. Akwai lilo, akwai dawakan katako masu juyawa da inji, akwai ƙaramin jirgin ƙasa. Amma abin da ke kwaso mutane a motoci daga Babura da Roni da Gwiwa shi ne Ɗan Kwango, wani ƙaton gwaggon biri da ke can ƙuryar wani keji mai duhu. Ba a bari a matsa kusa da shi. Daga bayan waya ake tsayawa a jefe shi da ɓawon rake, ko ruɓaɓɓen tumatir, ko kashin jaki, shi kuwa ya yi ta gurnani yana dukan ƙirji.

Sama'ilu ya fi kowa iya jifa. Kullum aka tashi daga makaranta can ya nufa, kuma Sunday mai tsaron ƙofa bai taɓa tambayarsa tikiti ba. Ranar da ya sami birin da dutse a fuska, yara ɗaukarsa suka yi a kafaɗa.

Lambun ya fi masa gida daɗi. A gida akwai mahaifinsa, Malam Dunoma, wanda ke aiki a wata majema da Sama'ilu bai taɓa sha'awar zuwa gani ba. Da magariba yake dawowa, kuma tun daga zaure ake jin warinsa, warin ɗanyar fata da zufa wanda sabulu ba ya fitarwa. Jikinsa duk ƙuraje, idonsa ɗaya kullum yana zubar da ruwa. Idan suka zauna cin tuwo, Sama'ilu yakan juya baya don kada zuciyarsa ta tashi. Sau da yawa tsohon ya roƙe shi ya daina zuwa lambun. Sama'ilu yakan ce to, gari na wayewa ya koma.

Yana makarantar kwana aka aiko masa mahaifinsa ya rasu. Ya zo ya karɓi gaisuwa ya koma. Abin da ya fi lura da shi shi ne gidan ya daina wari.

Yanzu ga shi ma'aikaci. Amma kwana kaɗan da farawa ya gane lambun da ya sani a kansa yake kawai. Dawakan katako sun ɓare, gara ta cinye cikinsu. Ruwan da ake haɗa lemon yara da shi, daga kwatamin bayan ofis ake ɗibarsa. Mai tsire kuma kan tsoma naman shekaranjiya a manja don ya yi ja. Sama'ilu ya tuna yadda ya sha lashe yatsu a gaban teburin nan, sai ya tofar da yawu.

Kejin Ɗan Kwango ya daɗe a rufe. An ce zafin ƙasar nan ne ya kashe birin, kuma tun daga lokacin kasuwar lambun ta faɗi. Shi ya sa manaja ya tura mai shela kasuwannin ƙauye yana faɗin sabon biri zai iso ranar Sallah, wanda ya fi na da girma.

Sama'ilu aka ba aikin share kejin. Ya kankare busasshiyar ƙazantar shekaru daga bango, ya kwashe duwatsu bokiti-bokiti, yana toshe hanci. Sunday, wanda yanzu ya tsufa, ya zo ya tsaya yana kallonsa. Ya ce masa saurayi mai takarda kamarsa, da Kano ya tafi neman aiki da ya fi. Sama'ilu ya ɗauka baƙin ciki ne irin na tsofaffin ma'aikata.

Kowace yamma yakan leƙa titi ko zai hango motar da za ta kawo birin. Har jajiberin Sallah ba ta zo ba.

Bayan la'asar manaja ya kira shi sito, ya tura ƙofa, ya buɗe wata tsohuwar adaka. Warin da ya taso ya sa Sama'ilu ja da baya. Manaja ya zaro baƙaƙen fatun awaki da aka ɗinke su suka zama riga da wando a haɗe, da wani ƙaton kai mai ramukan ido biyu. Cikin fatar ya yi maiƙo, ƙwari na yawo a ɗinkin.

Sama'ilu ya ƙura wa fatar ido. Ashe duk shekarun nan mutum suke jifa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wane irin marar zuciya ne ya yarda ya shiga cikin wannan ƙazanta?"

Manaja bai ji shi ba, yana ta kakkaɓe fatar. Ya ɗaga ta ya kara a kafaɗun Sama'ilu, ya yi murmushi.

"Na san ba sai an rage ko an ƙara ba," in ji shi. "Tsawonka ɗaya da marigayi babanka."