Tagar Hagu

Nuhad ta tsoma yatsunta a ruwan tsarki da ke bakin ƙofar cocin Mar Sarkis, hannunta ya zana gicciye tun kafin ta ba shi izini. Shekara ashirin da shida rabonta da nan, ashe jiki bai manta ba.

"Shiga mana," in ji yayarta Wadad, tana zungurarta da gwiwar hannu. "Ko jira kike a shimfiɗa miki darduma?"

Babu abin da ya canja. Ga bencinan, ga ƙamshin turare da kyandir, ga kuma ɗan ɗakin katakon nan na furta zunubi a kusurwa: kujerar fada, wato limamin coci, a tsakiya, wurin durƙuso ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne da 'yar taga mai marufi. In fada yana sauraron na dama sai ya ja marufin hagu, na can ya jira a zo kansa.

A nan aka rusa mata rayuwa tana da shekara ashirin da uku. Saura mako biyu bikinta da Faris, ƙauyen nasu na kan dutsen Lebanon duk ya ɗauka, har tsofaffi na tsokanar Wadad wai ƙanwa ta tsallake ta. Ranar Asabar suka zo tare kamar yadda suka saba tun suna yara, kowacce ta kama ɓangarenta. Nuhad ta durƙusa a dama, ta gaya wa fadansu Abuna Tanios abin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba: wani mutum a Beirut lokacin da take koyon aikin jinya, da cikin wata biyu da ya zube. So take ta shiga gidan miji da zuciya wankakkiya.

Kwana uku bayan haka uwar Faris ta zo karɓar zobe. Ta faɗi sunan mutumin, ta faɗi watan, ba ta rage komai ba.

Mutum ɗaya Nuhad ta gaya wa a duniya. Ranar Lahadi ta tare fadan a gaban jama'a bayan an tashi, ta kira shi maci amana, ta jefa masa carbinta a ƙirji. Tsohon bai kare kansa ba. Ta san dokarsu ta hana fada ya taɓo maganar da aka yi masa a ɗakin nan, ko da don ya wanke kansa ne, amma a ganinta mai kiyaye doka ai da bai saki baki tun farko ba. Washegari ta hau motar Beirut. Wadad ce ta ɗauko mata akwati, ta kuma fi kowa kuka.

Daga nan ita da Allah sai gaisuwar nesa, ita ma ba kullum ba. Abuna Tanios ya rubuto mata wasiƙa sau uku, ta mayar ba ta buɗe ba.

Wadad kam ba ta gaji ba. Ba ta yi aure ba, ta yi jinyar iyayensu har ta binne su, ita ce mai furannin bagade da wankin kyallayen coci. Duk kaka sai ta aiko da tulun zaitun da sabon carbi. Zaitun ɗin Nuhad ta cinye, carbin ta jefa a aljihun tebur. Kowace waya da kalma ɗaya take ƙarewa: "Ina yi miki addu'a." Wani lokaci Nuhad har kunya take ji, ta rasa me ta yi da ta cancanci irin wannan yaya.

Bara da sanyi Abuna Tanios ya rasu. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, sai ta ji wayam kawai. Bayan wata huɗu aka kwantar da ita za a yi mata aiki a ƙirji, kafin allurar barci ta ɗauke ta sai ta ji bakinta yana karanto addu'ar gaida Maryamu, tiryan-tiryan ba gargada. Da ta farfaɗo ta buɗe aljihun tebur ɗin nan.

Shi ya sa yau, ana jibi Ista, ta hau dutsen. Zunubi ɗaya ta ɗauko mafi nauyi: ƙiyayyar da ta yi wa mamaci. Ba ta yafe ba tukuna, amma tana so a koya mata.

Sabon fadan, Abuna Ilyas, ya shiga ya zauna. Daidai lokacin wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta dogaro sanda ta nufi ɓangaren hagu, sai Wadad ta yi wuf ta sha gabanta.

"Ummu Jirjis, ki ɗan zauna tukuna. Zunubanki ba gudu za su yi ba."

Tsohuwar ta koma tana ƙunƙuni. Wadad ta juyo, ta gyara wa ƙanwarta mayafi, ta rage murya.

"Shiga dama, ki faɗi komai hankalinki kwance. Ni zan tsare nan kada kowa ya durƙusa. Marufin hagun nan bai taɓa rufewa duka ba tun muna 'yan mata, wanda ke nan ko numfashin na can yana—"

Hannunta ya sandare a kan mayafin.

Nuhad ba ta kalli fuskarta ba. Wurin durƙuson hagun take kallo, inda yayarta ta durƙusa tana jiran a zo kanta a waccan Asabar ɗin.