Maganin Hawan Jini

"Farfesa, ki bari a gama bikin tukuna," shugaban sashe ya raɗa mata. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta karɓi lasifika.

Zauren ya cika da ɗaliban da ta yaye, sun zo karrama ta kan binciken magunguna. Ta ce maganin hawan jinin nan da ake sha daga Wunti har Miri yana lalata ƙoda. Ta gwada, ta sake gwadawa, dole a janye shi.

Wakilin kamfanin ya miƙe a fusace. "Hajiya, kin manta wanda ya haɗa shi?"

"Ban manta ba," ta ce. "Ni na haɗa shi, ni kuma zan binne shi."