Ranar da Baba ya sake karya mini hannu

Ina aji uku a Roni na faɗo daga motar gyaɗa, hannuna ya karye, ya warke a karkace. Baba maɗori ne, amma lokacin yana Babura. Da ya dawo, bayan la'asar, ya sa ƙannensa biyu suka danne ni.

Ya latsa ƙasan gwiwar hannuna. "Ƙashi nawa ne a nan, ɗan boko?"

"Ɗaya, Baba."

"Biyu ne. Saurara ka ƙirga."

Ya ɗora hannun a gwiwarsa ya ɓalla. Ƙas, sannan ƙas. Na saki fitsari a wando.

Ɗorinsa ya yi kyau, da hannun nake noma har yau. Amma har ya rasu ban sake yarda ya taɓa ni ba.