Notin da Baba Ya Roƙa

Damina ce, ruwa ya cinye hanyar Horo Birni, ni kuma maciji ya sare ni. Sai da jirgin ruwan Baba mai inji za a kai ni asibitin Shagari. Cikin jirgin duk ruwa, ga ƙafar bencin da za a kwantar da ni ta karye, notinta ya yi tsatsa ya ƙi fita.

Baba ya zuba masa kananzir, ya danna sifana har tafin hannunsa ya fashe. Mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba, ranar na ji ya ce wa ƙarfe, "Don girman Allah ka saki, ɗiyata na mutuwa."

Notin bai saki ba. Baba ya tada inji, ya zauna cikin ruwan, ya ɗora ni a cinya, tana rawa da bugun injin. Har yau in na shaƙi kananzir, rawar cinyar nan nake ji.