Sunan 'Yar Fari

Tun da jami'o'i suka daina karɓar kuɗi, suka koma cirar wani abu daga ƙwaƙwalwar iyaye, Asabe ta kasa zaune ta kasa tsaye wajen nema wa 'yarta karatun kwamfuta mai araha. Wata jami'ar ta nemi ƙuruciyarta kaf, wata kuma muryar marigayi mijinta.

A ta ƙarshe ma'aikacin ya ce, "Mama, sunan yarinyar kawai za mu goge miki."

Asabe ta yi dariya. "'Yar fari ce, ɗana. Kunya ba ta taɓa barina na faɗe shi ba. Ku ɗauka!"

Bayan sallar magariba ta ɗaga hannu don addu'a, inda kullum take ambaton sunan a zuci. "Allah ka tsare mini..."

Hannun na sama har aka kira isha'i.