Dutse Mai Sawu Biyu

Dingiri ta cire takalmanta tun a cikin mota, alhali ba su ma shiga tsohon birnin Anuradhapura ba. Ɗanta Wimalasiri ya ce mata da sauran tafiya. Ta ce ta sani, ai ƙafarta ce.

Rabonta da garin nan shekara arba'in da wani abu, lokacin tana matar aure da ko ɓari ba ta taɓa yi ba. A ranar ta ɓace wa 'yan ƙauyensu da suka zo ziyara tare, ta bi wata 'yar hanya cikin daji yamma da manyan ƙubbobi, ta faɗa wani kufai babu kowa. Ginin duk dutse ne fayau, ba zane ko ɗaya. Sai can bayansa ta ga wani falale da aka ƙawata da sassaƙa, ga sawun ƙafa biyu a kai.

Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san abin da ake yi in an ga sawu a kan dutse. Ta durƙusa ta yi wa sawun Buda, jagoran addininsu, alwashi: in ta samu ɗa, za ta kawo shi ya kafa goshinsa a nan. Ta tsiyaya ruwan gorarta a ɗan ramin da ke gaban sawun, dutsen ya shanye tas. Shekara na zagayowa ta haifi Wimalasiri.

Daga nan rayuwa ta yi mata yawa. Miji ya rasu, yaƙi ya rufe hanyoyi, gona kuma ba ta jira. Yaro ya girma, ya yi karatu mai zurfi, ya zama cikin masu haƙar kayan tarihi, kuma a wannan garin aka ba shi aiki. Dingiri ta yi murna, ta zaunar da shi ta kwatanta masa dutsen dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, ya sha ruwa, ya ce zai bincika.

Tun daga ranar ba a rasa uzuri ba. Yau damina, gobe giwaye sun tare hanya, jibi ana gyara. Dingiri ta gaya wa maƙwabta cewa karatu ya cinye wa ɗanta imani, kuma abin yana mata ciwo ƙwarai.

Sai likita ya ce zuciyarta ta gaji.

“In na mutu da alwashin nan a wuyana,” ta ce wa ɗanta, “a siffar kare za a sake haifo ni. Kuma gidanka zan zo.”

Shi ya sa yau suke nan, ita cikin fararen kaya, da furannin bado cike da hannu. Ya fara kai ta gindin babbar farar ƙubba, inda jama'a ke zuba fure a kan wani sawu.

“Inna, ga sawu nan. Duk ɗaya ne.”

“Waɗannan a haɗe suke. Nawa a ware suke, kuma da rami. Kai da ka yi karatu ba ka gani?”

Ya mayar da ita mota, ya bi hanyar daji, bai tambayi kowa kwatance ba.

Kufan yana nan yadda ta bar shi, sai dai an share ciyawa. Abin da Wimalasiri bai so ba shi ya tarar: abokiyar aikinsa Malama Hemamali tana tafe da ɗalibai, cikinsu har da nasa. Ya tare ta da sauri.

“Don girman iyayenki, fara kai su wajen tafki.”

Hemamali ta dubi tsohuwa, ta dubi furanni, ta dubi inda tsohuwar ta nufa. Ta cije leɓe, ta juya da ɗalibanta. Ba su yi nisa ba dai, kuma suna da idanu.

Dingiri ta share dutsen da gefen zanenta. Ta jera fure a kan kowane sawu, ta tsiyaya ruwa a ramin, dutsen ya shanye kamar dā.

“Ka gani? Bai manta da ni ba. Durƙusa.”

Wimalasiri ya waiga wajen tafki. Ya dubi uwarsa, yadda numfashinta ke fita da ƙyar. Ya durƙusa ya kafa goshinsa tsakanin sawun nan biyu, bai ɗago ba sai da ta gama addu'arta, kuma addu'ar Dingiri ba gajera ba ce.

“Na sauke,” ta ce tana share hawaye. “Dubi aiki, ɗana. Duk gidan nan shi kaɗai suka yi wa ado.”

“Haka ne, Inna.”

Ya riƙe ta har mota. A hanya ta ce tana jin yunwa, abin da ta kwana biyu ba ta ce ba.

Hemamali ta jira sai da ƙarar mota ta ɓace, sannan ta tara ɗalibai a kan dutsen. Ta ce kada wanda ya taɓa furen.

“Sufayen da suka zauna a nan sun raina adon duniya,” ta ce, “shi ya sa abu ɗaya tak suka yarda a ƙawata musu. Malam Wimalasiri ya fi kowa sani, littafi guda ya rubuta a kai. Nan suke ɗora ƙafa su tsuguna su yi fitsari.”